Rafin Klity: yadda wani ƙauye a yammacin Tailan ya kwashe shekaru yana neman mai kwashe masa dalma

Wurin da abin ya faru

Gundumar Thong Pha Phum tana cikin lardin Kanchanaburi, a yammacin ƙasar Tailan, ta jingina da tsaunukan da suka raba ƙasar da Miyanma. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 3,600, mafi yawansa daji ne da duwatsu, kuma daga babban garin lardi zuwa hedikwatarta tafiyar kilomita 140 ce ko sama da haka kaɗan. An raɗa mata wannan suna a 1939, tana ƙaramar gunduma, aka ɗaga ta zuwa cikakkiya a 1941. Ba a jima ba yaƙi ya iso: layin dogon da sojojin Japan suka tilasta wa fursunonin yaƙi da leburorin Asiya shimfiɗawa daga Tailan zuwa Bama (Miyanma ta yau) tsakanin 1942 da 1943 ya bi ta kwarin kogin Khwae Noi, wanda ya ratsa gundumar. A 1984 aka kammala madatsar Khao Laem a kan kogin, wadda yanzu ake kira Vajiralongkorn.

Ƙasa ce mai arzikin ma'adinai. A yankin Pilok da ke bakin iyaka an haƙi kuza har garin ya cika ya batse da 'yan ci-rani, kafin farashin kuza ya faɗi a duniya a 1985, kowa ya kama gabansa. A ɗaya ɓangaren kuma, wajen Chalae, dalma ce a ƙarƙashin ƙasa.

A nan rafin Klity yake. Yana gangarowa ta gefen gandun dajin Thung Yai Naresuan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, ya zuba a Khlong Ngu, daga can ruwan ya shiga tafkin madatsar Srinagarind. Ƙauyen da wannan nazari ya bi yana bakin rafin ta ƙasa. Mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne, 'yan ƙabilar Karen, masu noman shinkafar tudu, da harshensu daban da na Tailan. A da a rafin suke sha, a nan suke wanka da wanki, a nan shanu da ɓaunan gida suke shan ruwa. Miya ma daga nan take fitowa: kifi, jatan lande, ƙaguwa, katantanwa da ganyen bakin ruwa. A da mutum ba ya bukatar ko sisi kafin ya ci kifi da dare. Kimanin kilomita 11 sama da ƙauyen aka kafa masana'antar wanke duwatsun dalma.

Wa ke riƙe da me

Sai an gane tsanin mulkin Tailan kafin a gane abin da ya biyo baya. Ƙasar tana da larduna 76 ban da Bankok, an kasa su gundumomi 878 da ake kira amphoe. Kowace gunduma ta kasu zuwa tambon, kowane tambon kuma ƙauyuka ne da ake kira muban. Thong Pha Phum tana da tambon bakwai, Chalae ɗaya ce daga ciki.

Gwamnan lardi ba zaɓensa ake yi ba. Ma'aikacin gwamnati ne da ake turowa daga Ma'aikatar Cikin Gida. Haka ma shugaban gunduma, nai amphoe, wanda ya fi kama da Di'o na zamanin da: baƙo ne, ya yi 'yan shekaru a ɗauke shi a kai wani wuri. A ƙarƙashinsa akwai kamnan, kamar dagaci ke nan, sai phu yai ban, mai unguwa, wanda mutanen ƙauye ke zaɓa amma yana karɓar alawus daga gwamnati kuma ga shugaban gunduma yake kai rahoto. Tsarin ya samo asali ne daga gyare-gyaren Sarki Chulalongkorn da ɗan'uwansa Yarima Damrong, wanda ya karɓi Ma'aikatar Cikin Gida a 1892, da nufin Bankok ta riƙe lardunan nesa da hannunta kafin Ingila ko Faransa su riga ta.

A 1994 aka yi dokar da ta kafa majalisun tambon masu zaɓaɓɓun wakilai da ɗan kasafin kuɗinsu. Aikinsu hanyoyin ƙauye ne, ruwan sha, kwashe shara da makamantansu.

Lasisin haƙar ma'adinai kuwa a wancan lokaci yana hannun Sashen Ma'adinai, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu. Daji na Sashen Gandun Daji ne. Lafiyar jama'a tana hannun ofishin lafiya na lardi. Ingancin ruwa kuma na Sashen Yaƙi da Gurɓatar Muhalli ne, wanda sai a 1992 aka kafa shi. Sassan nan uku duk hedikwatarsu Bankok.

Daga shekarun 1960 zuwa 1997: somin-taɓi

Masana'antar ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1960. Aikinta shi ne a kawo dutse daga mahaƙa, a niƙe shi ya zama gari, a dama da ruwa da sinadarai, a hura iska, sai ɓangaren mai dalma ya taso da kumfa a yaɗe shi. Abin da ya rage dagwalo ne mai kauri, wanda har yanzu akwai sauran dalma a cikinsa, ana tura shi wani kududdufi da aka haƙa domin ya kwanta. Daminar wannan yanki tana kamawa daga Mayu zuwa Oktoba, kuma ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Dagwalo ya riƙa samun hanyar shiga rafi.

Mutanen ƙauye sun ce tun tsakiyar shekarun 1970 suka fara ganin ruwan yana yin duhu yana wari a wasu lokuta. Zuwa shekarun 1990 kifi ya riƙa tasowa a mace, dabbobi suna faɗuwa. Mutane suna fama da ciwon ciki, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, kumburi da kasala. An riƙa haihuwar yaran da girmansu da fahimtarsu ke tafiyar hawainiya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ke nuna dalma kai-tsaye, kuma nan ne mugun halinta yake. Ba ta canza ɗanɗanon kifi. Tana shiga jiki kaɗan-kaɗan, ta maƙale a ƙashi shekara da shekaru, mai ciki kuma ta miƙa wa ɗan tayinta. A wurin da zazzaɓin sauro ya zama ruwan dare, asibiti kuma yana da nisa a kan hanyar da damina ke yankewa, yaron da ya rame ba wanda zai ce a auna masa ƙarfe a jini.

1998: magana ta fito fili

A watan Afrilun 1998 wata cibiya mai nazarin al'amuran Karen ta kai ƙorafi ga hukumomin Bankok, 'yan jarida kuma suka bi hanyar dajin suka ɗauko hotuna. Jami'ai suka zo suka ɗebi ruwa, laka da kifi. Ma'aunin Tailan na ruwan rafi da kogi ya ce kada dalma ta wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya. Sakamakon ya zarce wannan, na laka da na kifi kuma ya fi muni nesa ba kusa ba.

Sashen Ma'adinai ya ba da umarnin dakatar da masana'antar, ya kuma ci kamfanin da ke da ita tarar bat 2,000 (bat shi ne kuɗin Tailan), kuɗin da a canjin wancan lokaci ke wajen dalar Amurka 50. Masana'antar ba ta sake komawa aiki ba.

1999 zuwa 2002: matakan farko

An gwada abubuwa huɗu kusan a lokaci guda.

Na farko, aka sa kamfanin ya yashe rafin. Ya kwashe laka sama da tan 3,700 daga ɓangaren da ke kusa da masana'antar, ya binne ta a ramuka takwas da aka haƙa a nan gefen rafin. Sauran tsawon rafin ba a taɓa shi ba, ramukan kuma suna inda ruwan sama zai iya zaizaye su.

Na biyu, aka gina madatsun duwatsu guda biyu a tsakiyar rafin don su tare laka kada ta gangara. Madatsa irin wannan tana aiki ne muddin ana zuwa ana kwashe abin da ta tara. Da suka cika, sai laka ta riƙa bi ta kansu ta wuce.

Na uku, ma'aikatan lafiya suka fara ɗibar jini daga 1999. An samu dalma mai yawa a jinin yara da manya, aka ba wasu maganin da ke tsamo dalma daga jini ya fitar da ita ta fitsari. Gwajin bai ɗore a kan tsari ba. Ƙungiyar Human Rights Watch, a rahoton da ta fitar a Disambar 2014, ta samu mutane da dama da aka ɗebi jininsu ba a taɓa faɗa musu sakamako ba.

Wanda ya bi labarin gubar dalma ta Zamfara a 2010 zai gane matsalar maganin nan. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun tsaya a kan cewa sai an kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje kafin magani ya yi amfani, shi ya sa yaran Bagega suka jira har aka share garin a 2013. A can ƙurar niƙan dutsen zinariya ce, a nan laka ce da kifi, amma lissafin ɗaya ne: a wanke jinin yaro a mai da shi inda ya kwaso gubar, an yi aikin baban giwa.

Na huɗu shi ne mafi sauƙi a takarda. Aka sanar cewa kada a sha ruwan rafi, kada a ci kifinsa. Aka jawo ruwa a bututu daga wani maɓuɓɓuga a kan dutse. Bututun bai kai kowane gida da kowace gona ba, yakan fashe, da rani kuma yakan ƙafe. A irin wannan rana uwar gida tana da tulu babu ruwa, ga rafi yana gudana a bayan ɗaki, garau da shi a ido, domin bayan an rufe masana'anta ruwan ya daina wari. Kifi kuma yanzu sai an saya, a wurin mutanen da shinkafar ci suke nomawa ba ta sayarwa ba. Da yawa sun ci gaba da kai yara wanka rafi, suna kama ƙaguwa idan babu abin miya.

Tsakiyar shekarun 2000: a bar rafi ya wanke kansa

A 2002 Tailan ta sake fasalin ma'aikatunta. Lasisin haƙa ya koma wani sabon sashe a Ma'aikatar Masana'antu, Sashen Yaƙi da Gurɓatar Muhalli kuma ya koma sabuwar Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa da Muhalli. Bayan nan matsayin gwamnati ya tsaya a kan abu guda: kada a ƙara taɓa lakar. Hujjar ita ce yasa zai tayar da dalmar da ta riga ta kwanta ta bazu cikin ruwa, gara a bari sabon yashi mai tsabta ya rufe tsohon a hankali, ana zuwa ana aunawa.

Awon da aka ci gaba da yi ya nuna abu biyu. Da rani, idan ruwa ya natsu, dalmar da ke cikin ruwan kanta takan sauka ƙasa da ma'auni. A cikin laka da jikin kifi da ƙaguwa kuwa ta ƙi sauka. Dalma ba ta ruɓewa kamar taki, ba ta narkewa ta ɓace. Rafin kuma na kan dutse ne, kowace ambaliyar damina tana tone gindinsa ta juya na ƙasa ya koma sama.

2003 zuwa 2013: hanyar kotu

Da taimakon lauyoyin sa-kai, mutanen ƙauyen suka shigar da ƙara uku. A 2003 mutum takwas da suka fi jin jiki suka yi ƙarar kamfanin. Daga baya wasu 151 suka bi sahu. Dukkansu sun dogara da dokar kare muhalli ta 1992, wadda ta ɗora wa mai wurin da guba ta fito alhakin biyan diyya, ko da gangan ya yi ko ba da gangan ba.

Ƙara ta uku ita ce ta bambanta. Kundin tsarin mulkin 1997 ya tanadi kotuna na musamman da talaka zai iya kai ƙarar hukumar gwamnati idan ta ƙi yin aikinta ko ta yi jan ƙafa, kuma sun buɗe a Maris ɗin 2001. A 2004 mutum 22 daga ƙauyen suka kai Sashen Yaƙi da Gurɓatar Muhalli gaban wannan kotu. Ba su ce sashen ne ya zuba gubar ba. Cewa suka yi doka ta ɗora masa gyara rafin, ya yi sakaci.

A 2008 kotun farko ta ba su gaskiya, ta ce a biya kowannensu bat 33,783. Aka ɗaukaka ƙara. Ranar 10 ga Janairu, 2013, kotun ƙoli ta wannan ɓangare ta yanke hukunci na ƙarshe, shekara tara bayan shigar da ƙara. Ta ɗaga diyyar zuwa bat 177,199.55 ga kowane mutum, jimilla kusan bat miliyan 3.9, an lissafa ta ne a kan kuɗin abincin da suka riƙa saya a madadin wanda rafi ke ba su kyauta. Ta kuma umarci sashen ya tsara shirin gyara ya aiwatar, ya riƙa auna ruwa, ƙasa, tsirrai da dabbobin ruwa a kowane yanayi na shekara, har sai dalma ta tsaya ƙasa da ma'auni na tsawon aƙalla shekara guda. Sakamakon awo kuma a liƙa shi inda jama'a za su gani: ofishin mai unguwa, ofishin majalisar tambon ɗin Chalae da ofishin gunduma. Wannan ne karo na farko da wata babbar kotu a Tailan ta tilasta wa gwamnati share wurin da guba ta gurɓata.

2013 zuwa 2017: takarda a hannu, laka a rafi

An biya diyyar. Aikin rafi kuwa ya shiga nazari, aka ɗauki masana daga Jami'ar Khon Kaen su tsara shi, aka shiga neman kasafi da izinin aiki a cikin daji mai kariya, wanda ke hannun wata hukumar dabam.

A gefe guda ƙararrakin kamfanin suka kai ƙarshe. A Yulin 2016 Kotun Ƙoli ta ce a biya mutum takwas ɗin nan bat miliyan 20.2. A Satumbar 2017 ta ce a biya su 151 bat miliyan 36 da ɗoriya, ta kuma ɗora wa kamfanin da shugabanninsa nauyin gyara rafin. A lokacin kamfanin ya kusa shekara ashirin da daina aiki a wurin, wasu daga cikin masu ƙarar kuma sun riga mu gidan gaskiya.

2017 zuwa gaba: yasar rafi

A ƙarshen 2017 ɗan kwangila ya shiga da injuna, a kan kuɗi bat miliyan 454 daga baitulmalin gwamnati, da wa'adin kwana 1,000. Ana zuƙo laka da famfo a ɗura a manyan buhuna masu tace ruwa, idan ta tsane a loda a mota a kai wani rami da aka shimfiɗe wa leda mai kauri, nesa da rafi. An kwashe ƙasar harabar masana'anta da ta tsofaffin ramukan nan, aka ƙara gina madatsun tare laka. Zangon farko ya ƙare a 2021, aka shiga na biyu.

Mutanen ƙauye da wasu masana masu zaman kansu sun yi ƙorafi tun aikin na tafiya. Sun ce an zaɓi wasu wurare ne aka yashe aka tsallake wasu, ruwan da ke tsiyayowa daga buhunan yana komawa rafi, wuraren da aka share kuma suna sake cika da laka daga sama bayan damina ɗaya. Awon da aka yi bayan aikin ya nuna ruwan yana cika ma'auni a yawancin lokuta, amma a wurare da dama laka da dabbobin da ke kiwo a gindin rafi suna nan da dalma fiye da ƙima.

Abin da ya ci da abin da bai ci ba

Rufe masana'anta a 1998 shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, don ya tsayar da sabuwar guba. Abin lura shi ne ba ta tsanin mai unguwa, kamnan, shugaban gunduma da gwamna maganar ta hau ba. Ta bi ta hannun wata cibiya da 'yan jarida ne. A ganina ba lalacin wani mutum ɗaya ba ne. An gina tsanin nan ne don umarni ya sauko daga Bankok, ba don kuka ya hau ba, kuma ko da ya hau, babu matakala ɗaya a cikinsa mai ikon taɓa lasisin haƙa. Mai unguwa ba shi da iko, majalisar tambon ba ta da kuɗin da ya kai ko kusa da miliyan 454, shugaban gunduma kuma ya san za a ɗauke shi kafin damina uku.

Matakan 1999 zuwa 2002 sun gaza ne don kowanne an yi rabinsa an bar rabi. An kwashe laka ba a kai ta nesa ba, an gina madatsa ba a sa mai kwashewa ba, an hana cin kifi ba a kawo abin da za a ci ba. Shawarar barin rafi ya wanke kansa tana da hujja ta gaskiya a cikinta, kuma ƙorafin da aka yi lokacin yasa ya tabbatar da cewa taɓa laka na tayar da guba. Laifinta shi ne ba a sa mata wa'adi ba, ba a kuma faɗi adadin da idan ba a kai ba za a canza hanya. Ba tare da waɗannan ba, jiran gawon shanu ne kawai aka ba wa sunan kimiyya.

Cikin ƙararraki ukun, wadda kuɗinta ya fi ƙanƙanta ita ce ta motsa injuna. Hukuncin da aka yi wa kamfani ya faɗa kan wanda ya riga ya naɗe tabarmarsa. Hukumar gwamnati kuwa ba ta da inda za ta gudu, tana da kasafi duk shekara, kuma kotu ta ɗaure ta da sakamakon awo, ba da yawan motocin lakar da aka kwashe ba. Wannan sharaɗi ne ya hana a yanke kintinkiri a 2021 a ce an gama.

Sai dai shekara goma sha tara ne tsakanin ranar da hukuma ta tabbatar akwai guba da ranar da famfon farko ya shiga ruwa. A cikinsu damina ta baza lakar da a 1998 take tattare kusa da masana'anta zuwa kowace kwana ta rafin har tafki. Yaron da aka haifa a shekarar da aka ci tarar bat 2,000 ya riga ya zama saurayi kafin a fara aikin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɓarnar da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. Aikin da hukuncin ya bar wa ofisoshin mai unguwa, tambon da gunduma shi ne allon sanarwa, inda ake liƙa takardar awo da harshen Tailan.